Daniel Pauly da Ƙidayar Kifin da ke Teku

Daniel Pauly masanin halittar kifi ne, ɗan ƙasar Faransa da Kanada, kuma farfesa a Jami'ar British Columbia da ke birnin Vancouver. Yana cikin masana harkar kamun kifi da aka fi ambaton ayyukansu a rubuce-rubucen kimiyya a duniya. Fiye da shekara hamsin ke nan yana bin tambaya guda: nawa ne kifin da ɗan'adam ke ɗiba daga ruwa, nawa ne kuma ya rage? Amsarta tana da wuya, domin kifi ba ya tsayawa a ƙirga shi, kuma mafi yawan masu kama shi ba sa rubuta abin da suka kama.

An haife shi a Paris ranar 2 ga Mayu, 1946. Mahaifiyarsa Bafaranshiya ce, mahaifinsa kuwa baƙar fata ne Ba'amurke, sojan da Yaƙin Duniya na Biyu ya kai Turai. Tun yana ƙarami wasu iyali 'yan Suwizalan suka karɓe shi daga hannun mahaifiyarsa, suka tafi da shi garin La Chaux-de-Fonds, ba su kuma mayar da shi ba. A can ya tashi kamar bara a gidan da ake cewa ana riƙonsa. Bai kai shekara ashirin ba ya fice zuwa Jamus, yana aikin ƙarfi da rana, da yamma yana zuwa makaranta, har ya sami shaidar shiga jami'a. A Jami'ar Kiel, a arewacin Jamus, ya karanci ilimin kifi da na teku a ƙarƙashin Farfesa Gotthilf Hempel. Ya sha faɗa cewa ilimin da yake nema a lokacin shi ne wanda zai iya aiki da shi a ƙasashe matalauta.

Bincikensa na farko a Afirka ta Yamma ya yi shi. A 1971 ya je Gana, ya zauna a Sakumo, wani tafki mai gishiri-gishiri da ke bakin teku kusa da Tema. Kifin da ya fi yawa a tafkin wani nau'in karfasa ne, kuma shi ne abincin masuntan yankin da hanyar samun kuɗinsu. Pauly ya auna tsawon kifin, ya duba abin da yake ci, ya lissafa yawan abin da tafkin ke bayarwa. Da wannan aiki ya sami digirinsa na biyu a 1974.

Daga nan hukumar raya ƙasashe ta Jamus ta tura shi Indunusiya, inda ya shiga jirgin bincike a Tekun Java. A nan ya ci karo da matsalar da ta saita masa hanya. Ilimin ƙididdigar kifi, kamar yadda ake koyar da shi a Turai, an gina shi ne a kan ruwan sanyi. Babban littafin fannin shi ne wanda Turawan Ingila biyu, Raymond Beverton da Sidney Holt, suka fitar a 1957, kuma lissafinsu yana buƙatar a san shekarun kifi. A ƙasashen sanyi hakan mai yiwuwa ne. Kifi yana girma da rani, girman ya tsaya da hunturu, sai kowace shekara ta bar zobe ɗaya a ɓawon jikinsa da kuma a wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnensa. Masani zai ɗauki madubin ƙara girma ya ƙirga zobban. Sannan nau'o'in kifin da ake kamawa a can kaɗan ne, ana iya ware wa kowanne ma'aikata da ɗakin gwaji.

A Tekun Java kuwa, taru ɗaya idan jirgi ya jawo shi yakan fito da nau'i gommai, wani lokaci fiye da ɗari. Ruwan ɗumi ne shekara a zagaye, zobban ba sa fita sosai. Babu kuɗi, babu isassun ma'aikata. Hanyar da aka koya masa ba ta da amfani a wurin da ya fi buƙatarta, alhali miliyoyin mutane a waɗannan ƙasashe kifi ne namansu.

A 1979 ya kammala digirinsa na uku, ya kama aiki a ICLARM, wata cibiyar bincike kan albarkatun ruwa da ke Manila a ƙasar Filifin, wadda yau ake kira WorldFish. Shekara goma sha biyar ya yi a can, kuma a cikinsu ne ya ƙera kayan aikin da suka fara ɗaga sunansa.

Na farko shi ne ELEFAN, wanda ya haɗa tare da wani masanin kwamfuta mai suna Noel David. Tunanin yana da sauƙin fahimta. A ce an je ƙauyen da babu takardar haihuwa, aka jera yaran gari bisa tsawo. Za a ga sun rabu rukuni-rukuni, sa'o'in juna suna kusa da juna a tsayi. In aka dawo bayan wata shida aka sake aunawa, kowane rukuni ya ɗan matsa sama, kuma daga wannan matsawa za a gane saurin girmansu. Haka ELEFAN ke yi da kifi. Mai bincike zai je bakin ruwa wata-wata da katakon awo, ya auna tsawon ɗaruruwan kifaye daga kwale-kwalen masunta, manhajar ta fitar masa da saurin girma ba tare da an yanka kifi ko ɗaya an duba kunnensa ba.

Na biyu wani lissafi ne da ya wallafa a 1980. Kafin a san ko kamun ya wuce ƙima, dole a san kifi nawa ke mutuwa da kansa, ta hanyar tsufa, cuta, ko wani kifi ya cinye shi. Auna wannan a cikin teku kusan ba ya yiwuwa. Pauly ya tattara bayanan garken kifi 175 daga sassan duniya, ya nuna cewa ana iya ƙiyasta mutuwar daga abu uku: iyakar girman da nau'in ke kaiwa, saurin girmansa, da ɗumin ruwan da yake ciki. Ƙaramin kifi mai saurin girma a ruwan zafi yana mutuwa da wuri. Babban kifi mai jinkirin girma a ruwan sanyi yana daɗewa. Wannan takarda tana cikin waɗanda aka fi ambato a fannin baki ɗaya.

Abin lura shi ne irin kayan da ya rubuta waɗannan hanyoyi dominsu. A lokacin da masana a Turai da Amurka ke amfani da manyan kwamfutoci masu cika ɗaki, shi ya fitar da littafin jagora a 1984 don ƙaramar kalkuleta da ake riƙewa a hannu, saboda ita ce jami'in kifi a ƙasa mai tasowa zai iya samu. Daga baya aka haɗa hanyoyinsa da na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, a manhaja guda mai suna FiSAT. Har yau ɗaliban jami'o'in Najeriya da Gana da ke nazarin karfasa ko tarwaɗa a madatsun ruwa da koguna suna amfani da ita. Masana da dama sun soki hanyoyin da cewa ƙiyasi ne mai faɗi, kuma suna iya ruɗar wanda bai ƙware ba. Sukar tana da tushe. Sai dai a wuraren da aka yi su dominsu, zaɓin da ke ƙasa shi ne ƙiyasi mai faɗi ko kuma babu komai.

A Manila ne kuma aka fara FishBase, wajen ƙarshen shekarun 1980, tare da Bajamushe Rainer Froese. Rumbun bayanai ne da ke tattara abin da aka sani game da kowane nau'in kifi: sunansa na kimiyya, sunayensa a harsunan mutane, inda yake zaune, abin da yake ci, girmansa, da lokacin da yake fara haihuwa. Da farko a faifan kwamfuta ake raba shi, daga baya ya hau intanet, kyauta ga kowa. Yanzu yana ɗauke da nau'i fiye da 35,000, har da giwan ruwa da sauran kifayen Neja da Binuwai da Tafkin Chadi. Tare da ɗan Danmak Villy Christensen kuma ya faɗaɗa manhajar Ecopath, wadda Ba'amurke Jeffrey Polovina ya fara ƙirƙira. Ita tana kallon ruwa gaba ɗayansa ne, wa ke cin wa, kuma me zai faru da sauran idan an cire ɗaya.

A 1994 ya koma Vancouver, kuma daga nan aikinsa ya tashi daga tafki ɗaya ko gaɓa ɗaya zuwa tekunan duniya duka.

Shekara guda bayan haka ya wallafa wata maƙala mai shafi ɗaya tak, wadda tasirinta ya fi na littattafai da yawa. Ya ce kowane masani yakan ɗauki halin da ya tarar da teku a farkon aikinsa a matsayin asalin yadda take. Idan kifi ya ragu a zamaninsa, da wancan ma'auni yake gwadawa. Na bayansa ya zo ya tarar da ragowar, shi ma ya ɗauke ta a matsayin asali. Ta haka ma'aunin ke zamewa daga tsara zuwa tsara, asara mai girma ta auku ba wanda ya ga girmanta. Ya kawo misalin kakan abokin aikinsa Christensen, masunci a mashigin Kattegat a shekarun 1920, wanda manyan kifayen tuna ke ɓata wa rai saboda suna faɗawa cikin komarsa suna yaga ta, ga shi babu mai sayensu a lokacin. Bayan 'yan shekaru gommai tuna ta ɓace daga wannan ruwa, masana ma suka daina lissafa ta cikin kifayen wurin. Saboda haka Pauly ya nemi a ɗauki labarin tsofaffi, rubutun matafiya da tsoffin hotuna a matsayin hujja, ba hira kawai ba.

Shi kansa ya ga abin da idonsa. Ya ba da labarin cewa da ya koma Sakumo bayan shekara 27, ya tarar karfasar ta ragu zuwa kamar rabin girman da ya sani, tana fara haihuwa tun tana ƙanƙanuwa, masunta kuma suna ta aikinsu ba tare da suna ganin wani abu ya sauya ba. Duk wanda ya taɓa sauraron dattijon masunci a gaɓar Tafkin Chadi yana kwatanta giwan ruwan da ya sani yana yaro, matasa na kallonsa kamar mai ƙari, ya san abin da ake nufi. Tunanin ya wuce fannin kifi tuni. Masu nazarin daji, tsuntsaye da sauyin yanayi duk suna amfani da shi.

A 1998 ya fitar da binciken da ya fi jawo magana, a mujallar Science, tare da abokan aiki huɗu. Halittun teku suna cin juna ne mataki-mataki. A mataki na ɗaya akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, a na biyu ƙananan halittun da ke cinsu, a wajen na uku kifaye irin sadin, a na huɗu zuwa sama kuma manyan maciya kifi irin tuna, shak, da kod, wanda busasshensa ake shigowa da shi Najeriya daga Norwe. Masanan suka ɗauki alƙaluman FAO daga 1950 zuwa 1994, suka ba kowane nau'i lambar matakinsa, suka lissafa matsakaicin abin da duniya ke kamawa kowace shekara. Suka ga matsakaicin yana sauka, musamman a arewacin Tekun Atlantika. Fassararsu ita ce an cinye manya, an gangaro kan ƙanana. Mutane ba su manta da rushewar kifin kod a gabashin Kanada ba, inda gwamnati ta hana kamunsa a 1992, dubban mutane suka rasa aiki, don haka maganar ta sami masu saurare. A 2004 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare nau'o'in halittu suka karɓi wannan ma'auni a matsayin ɗaya daga cikin alamun lafiyar teku.

Sai dai ba a bar shi haka ba. Masanan FAO sun mayar da martani a shekarar 1998 ɗin. A 2006 wasu suka nuna cewa a wurare da yawa ba ƙarewar manyan kifaye ce ta saukar da matsakaicin ba, ƙara kama ƙananan ne aka yi a kan kama manyan. A 2010 Trevor Branch da abokansa suka gwada alƙaluman kamu da sakamakon jiragen bincike, suka ce sau da yawa ba sa tafiya tare. Babban abokin gardamar Pauly shi ne Ray Hilborn na Jami'ar Washington, kuma a 2013 mujallar Nature ta buga hujjojin ɓangarorin biyu gefe da gefe. Hilborn yana cewa yawan kamu ba shi ne yawan kifi ba. Kamu na iya raguwa saboda doka ta hana, ko farashi ya faɗi, ko man jirgi ya yi tsada. Yana kuma nuna cewa inda ake bin doka, kamar Amurka, Norwe da New Zealand, garken kifi da yawa sun farfaɗo. Pauly yana amsawa da cewa waɗannan su ne ƙasashen da ke da kuɗin yin cikakken bincike, kuma a yawancin Afirka da Asiya alƙaluman kamu su kaɗai ake da su. Wanda ya ƙi amfani da su, ya zaɓi kada ya ce komai game da rabin duniya. Mai adalci zai ga kowanne yana da gaskiya a kan ruwan da ya fi sani, gardamar kuma ba ta ƙare ba.

Idan alƙaluman kamu ne abin dogaro, to dole a tabbatar suna da inganci. Wannan shi ne aikin shirin Sea Around Us, wanda ya kafa a 1999 da tallafin gidauniyar Pew ta Amurka. Wani sakamako ya fito a 2001. Shi da Reg Watson suka zana taswirar kamun duniya, suka ga tekun ƙasar Sin yana ba da rahoton kifi fiye da abin da ruwa irinsa zai iya haifarwa. Dalilin da suka bayar shi ne ana ƙara wa jami'an lardi girma ne idan sun nuna amfani ya ƙaru, don haka suke ƙara lamba a takarda. Da suka gyara lissafin, sai binciken nasu na wancan lokacin ya nuna cewa kamun duniya da ake zaton yana ƙaruwa ya fara raguwa tun ƙarshen shekarun 1980. Daga baya Sin ɗin ta rage alƙalumanta.

Akasin haka ya fi yawa. Yawancin ƙasashe abin da suke kai wa FAO bai kai abin da aka kama ba. Ana ƙirga na manyan jirage da ke sauke kaya a tashar ruwa, ana barin na mai kwale-kwale, na matan da ke tsintar ƙaguwa da dodon koɗi a bakin gaɓa, na wanda ya kama don tukunyar gidansa, na jiragen sata, da wanda jirage ke zubarwa a teku matacce saboda ba shi suke nema ba. Inda ƙasa ba ta ba da lamba ba, a rumbun bayanai yakan zama sifili. Pauly ya ce sifili ƙarya ce tabbatacciya, ƙiyasi mai hujja ya fi ta. Shi da Dirk Zeller suka jagoranci masu bincike kusan 400, suka sake gina tarihin kamun kowace ƙasa mai gaɓar teku daga 1950 zuwa 2010. Sun yi amfani da ƙidayar jama'a, yawan kwale-kwale, binciken abin da iyalai ke ci, da tsoffin rahotannin zamanin mulkin mallaka. A Tekun Fasha wata ɗalibarsa ta ƙirga shingayen kama kifi kusan 1,900 daga hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth, ta nuna abin da suke kamawa ya ninka na rahoto kusan sau shida.

A 2016 aka fitar da jimillar. FAO tana cewa kamun teku ya kai ƙololuwa a 1996 da tan miliyan 86. Sabon lissafin ya ce tan miliyan 130 ne. A tsawon shekarun duka, abin da aka kama ya fi na rahoto da kashi 53 cikin ɗari, kuma tun 1996 yana raguwa da kusan tan miliyan 1.2 kowace shekara, ninki uku na abin da alƙaluman hukuma suka nuna. FAO ta yi jayayya da wasu hanyoyin ƙiyasin, amma binciken ya fito da girman gudummawar ƙananan masunta, waɗanda gwamnatoci ke yawan mantawa da su wurin tsara doka da rabon tallafi. Afirka ta Yamma ta fito fili a wannan aiki. Wani binciken shirin Sea Around Us ya ƙiyasta cewa jiragen Sin masu zuwa ruwan wasu ƙasashe sun kama kusan tan miliyan 4.6 a shekara tsakanin 2000 da 2011, mafi yawansa daga gaɓar Afirka, alhali abin da aka kai wa FAO bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba.

Akwai wani tunani da yake riƙe da shi tun digirinsa na uku, kuma shi ne ya fi kusa da ainihin halittar kifi. Ruwa yana ɗauke da iskar oksijin kaɗan ƙwarai idan aka gwada da iskar da mutum ke shaƙa. Kifi yana zuƙar ta ne ta jajayen gaɓoɓin nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa. Waɗannan gaɓoɓi fili ne, jiki kuwa nauyi ne. Idan abu ya ninka tsawonsa sau biyu, faɗin fuskarsa kan ninka sau huɗu, nauyinsa kuma sau takwas. Saboda haka, a cewar Pauly, duk girman da kifi ya ƙara, iskar da kowane yanki na jikinsa ke samu tana raguwa, har ya kai inda ta ishe shi rayuwa kawai, girma ya tsaya. Ruwan zafi yana ƙara wa kifi buƙatar iska, yana kuma ɗauke da ita kaɗan, shi ya sa nau'i ɗaya yakan fi ƙanƙanta a ruwan ɗumi. A kan wannan tushe William Cheung, tsohon ɗalibinsa, ya jagoranci wani hasashe da ya ce ɗumamar teku na iya rage matsakaicin iyakar nauyin kifaye da kashi 14 zuwa 24 cikin ɗari tsakanin 2000 da 2050, wasu nau'o'in kuma za su ƙaura zuwa ruwan da ya fi sanyi, ƙasashen zafi su yi asara. Masana aikin gaɓoɓin jiki da dama ba su yarda da dalilin ba. Suna cewa gaɓoɓin numfashin kifi suna da ninki-ninkin da zai iya bin girman jiki. Cewa kifi na ƙanƙancewa a ruwan ɗumi an daɗe da gani, ana ta gwaji ne kan ko ƙarancin iska ce sanadi.

Ɗaliban da ya yaye da abokan aikinsa sun bazu a jami'o'i da hukumomi a nahiyoyi da dama. Ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya same shi a 2005 bai tsayar da rubutunsa ba. Ya karɓi kyautar Cosmos ta Japan a 2005, da ta Volvo kan muhalli a 2006, da lambar girma ta ƙasar Faransa a 2017. A 2023 aka ba shi kyautar Tyler tare da abokin aikinsa a Vancouver, Farfesa Rashid Sumaila, masanin tattalin arzikin teku wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya yi na uku a Bergen ta ƙasar Norwe. Sumaila da abokansa sun lissafa cewa gwamnatocin duniya sun kashe kusan dala biliyan 35 a 2018 wurin tallafa wa kamun kifi, kuma kimanin biliyan 22 daga ciki tallafi ne mai cutarwa, irin rangwamen mai da ke ba manyan jirage damar ci gaba da aiki a inda kifin da ya rage ba zai biya kuɗin tafiyar ba. Wannan lissafi yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa a tattaunawar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wadda a watan Yunin 2022 ta cimma yarjejeniyar hana tallafi ga kamun sata da kamun garken da aka riga aka gajiyar. Mutanen biyu suna kira da a wuce nan, a rufe tsakiyar teku, wato ruwan da ya wuce mil 200 daga gaɓar kowace ƙasa, ga kamun kifi baki ɗaya. Hujjarsu ita ce jiragen ƙasashe kaɗan ne ke iya zuwa can, kuma yawancin kifayen da ake kamawa a wurin suna shiga ruwan ƙasashen gaɓa, inda ƙananan masunta za su same su.